Matar da Ba Ta Kalli Amalanken Likita Ba

Watan Sha'aban ɗin nan ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar mahaifina, Malam Haruna tela na unguwar Sa'alaba a nan Jidda. Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan dafa abinci in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ishe ni. Akwai laifin da na yi masa, na daɗe da sanin na yi, amma sai cikin shekarar nan na gane girmansa, kuma na ga gara in faɗa da bakina ko wani mai tsoho a gida zai ji ya gyara.

An haifi Baba a Sudan, a wani gari na Hausawa da ke bakin kogi, cikin garuruwan da kakanninmu suka yada zango a hanyar aikin Hajji suka zauna ke nan. Ya tsallako teku yana saurayi, da kan keken ɗinki a buhu da wani gwangwani mai faɗi a ƙasan akwatinsa. Da keken ya ci da mu. Shekara arba'in da wani abu yana ɗinka wa mutane farar riga a shago ɗaya, ƙarƙashin kafili ɗaya, wato ubangidan da ya tsaya masa, yana sabunta iƙama, takardar izinin zama, a kan lokaci, ba ya faɗa da kowa sai da almakashi in ya dakushe. Gwangwanin kuwa shi ne abin da zan yi magana a kai.

Kafin nan bari in faɗi wani abu game da sunana. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, don haka tunda nake ban taɓa jin ya kira ni da shi ba. Ummi yake ce mini. Ko ofis muka je aka tambaye shi sunan 'yarsa, sai ya tura wa ma'aikacin takarda ya ce ya karanta da kansa. Ina yarinya abin yakan ba ni haushi, domin ma'aikatan kan dube shi kamar wanda ya manta sunan abin da ya haifa.

A cikin gwangwanin akwai nadin fim, siriri, baƙi da fari, marar murya, wanda bai fi minti huɗu ba. Wani Bagirike, mutumin ƙasar Girka, mai kanti a garinsu ne ya ɗauka da ƙaramar kyamara, ranar da mutanen gari suka yi jerin gwano na neman taimako don su gina ɗakin shan magani. Zazzaɓi ya addabe su a lokacin, asibiti kuma sai an yi tafiyar yini. Sai suka shirya zagayen gari na raha, kowace sana'a da amalankenta, masu kallo suna jefa abin da suke da shi a cikin kwanduna: dawa, ƙwai, kaza, sabulu. Da Baba ya girma ya yi wa ɗan Bagiriken aiki a kanti, ranar da za su kwashe su bar ƙasar ya roƙi fim ɗin aka ba shi.

Ina iya zana muku shi daga farko har ƙarshe ko ido na rufe. Masunta ne a gaba, sun ɗora kwalekwale a kan amalanke suna tuƙa iska da gaske. Sai mahauta da wani bijimi da aka rataya wa ƙararrawa. Sai teloli, da keken ɗinki a kan keken jaki, mutum na ta ɗinki yana layi saboda gargadar hanya. Daga nan sai abin da ya fi ba kowa dariya: wani dogon mutum ya yi shigar sauro, ya ɗaura fukafukai na tabarma da dogon hanci na kara, yana kai wa jama'a cizo suna darewa. A bayansa ga amalanke an lulluɓe ta da farin ƙyalle, a tsaye a kai wani yaro ɗan shekara goma cikin farar rigar da ta yi masa yawa, da gilashin ido na waya, riƙe da ƙatuwar allura ta gora, yana bin sauron da ita. Likitan nan Baba ne. Amalanken na wucewa ta gaban wasu mata bakwai da ke tsaye a gindin katanga, sai fim ɗin ya ɗan yi rawa, ya nuna kwandunan sadaka, ya ƙare.

A cikin matan nan bakwai akwai mahaifiyarsa. Shekarar da ta biyo baya ta rasu wurin haihuwa, ba a ma gama rufin ɗakin maganin ba. Ba ta taɓa zama gaban mai hoto ba. Duk duniya babu kamanninta a ko'ina sai a cikin 'yan mintocin fim ɗin nan.

Baba ya sayo tsohuwar majigi a kasuwar haraj, inda ake sayar da kayan gwanjo, ya gyara ta da hannunsa. Ranar Salla bayan la'asar yakan toshe tagogi da barguna, ya rataye haraminsa na Hajji a bango, ya tara mu da duk baƙon da ya zo barka da Salla, ko yana so ko ba ya so. Fim ba ya magana, don haka shi ne muryarsa. Kuma Allah ya ba shi baki. Yakan faɗi sunan kowa da na ubansa da unguwarsu, da wanda ya auri wa, da wanda kada ya cinye wa akuya. Yakan yi kukan jaki, ya yi ƙarar ƙararrawar bijimi, ya yi zuuu ɗin sauro har sai yara sun kwanta don dariya. In likita ya bayyana sai ya gyara murya ya ce, "Ga babban likitan Sudan nan, duk wanda ya yi wa allura bai sake dawowa ba." Amma da amalanke ta iso wajen matan sai ya yi tsit. Ya sunkuyar da kai yana taɓa wani abu a jikin majigi har fim ya ƙare. Mu a zatonmu numfashi yake mayarwa.

Yanzu ga laifina na farko. Ina da shekara goma sha biyar, wata Salla, ƙawayena biyu na makaranta suka zo gidanmu. A Jidda aka haife ni, Larabcina ba ya da maraba da nasu, kuma na yi shekaru ina ɓoye duk abin da zai tuna musu cewa mu Takari ne, wato baƙi 'yan asalin Afirka ta Yamma. Baba ya ga baƙi sai ya hau toshe tagogi. Na yi masa ido, na yi tari, bai gani ba. Da mai shigar sauro ya fito, ɗaya daga cikinsu ta tuntsire da dariya ta tambaye ni da Larabci ko waɗannan su ne danginmu. Na ce a'a, ban san su ba, wani tsohon fim ne kawai da babana ya tsinta. Da Larabci na faɗa, kamar Baba ba ya ji, mutumin da ya yi shekaru yana ciniki da shi. Bai juyo ba. Ya ci gaba da kukan jakinsa, sai dai ranar bai yi maganar babban likitan Sudan ba. Bai taɓa tayar mini da zancen ba har ya bar duniya, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba.

Shekaru suka tafi. Na yi aure, na haihu, na sami aikin karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti. Mahaifiyarmu ta riga shi rasuwa, ita kuma haifaffiyar Makka ce, ba ta taɓa ganin surukarta ba. Yayyena maza biyu sun ɗauki fim ɗin abin wasan tsoho. Abokan Baba da suka taso gari ɗaya suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Shi ma idonsa ya fara yana, ya daina sa zare a allura sai an sa masa. A nan ne ya fara bina da magana guda.

"Ya Ummi, ki zo da littafi da biro wata Juma'ar. Mutanen fim ɗin nan ba su da baki sai nawa."

"Bukra, Baba, in sha Allah."

Bukra, wato gobe. Kalmar nan na fi shekara biyu ina ba shi ita. Ba wai ba na zuwa ba. Ina zuwa duk Juma'a da kular abinci da magungunansa, in share masa ɗaki, in yi masa faɗa a kan sukari, in tafi ina jin na sauke nauyi. Duk wanda ya gan ni zai ce ga 'ya ta gari. Abu ɗaya ya roƙe ni wanda ba a saye a kanti, shi ne na kasa.

Wata Juma'a dai ya ci ƙarfina. Na tarar ya riga ya toshe taga, ya rataye harami, ya ajiye sabon littafi mai shuɗin bango a kan kujera. Na zauna, littafi a cinya, waya a hannu. Ya kunna, ya fara jero sunaye, ina rubutawa ina leƙa saƙonni. Na rubuta shida. Sai mijina ya iso ƙofar gida ya fara danna hon, muna da ɗaurin aure a unguwar Ruwais. Daidai lokacin amalanke ta iso wajen matan. A cikinsu akwai wata mai jiki, ta fito daga layi, hannu a baki tana rangaɗa guɗa, tana bin amalanken da gudu-gudu kamar za ta ɗauke yaron. Na nuna ta da biro na ce, "Wannan ce kakata, ko?"

Ya sunkuyar da kai wajen majigi. Ya ce, "Ki dai duba da kyau, Ummi."

"Yalla Baba, halas, shi ke nan, na gane ta. Ma ƙarasa wata Juma'ar."

Ya kashe majigi. Na sumbaci kansa na fita ina gyara mayafi. Sati uku bayan haka muka kai shi makwancinsa.

Na riƙe wannan "duba da kyau" a matsayin e. Haka na ga dama in ji ta, don ta fi mini sauƙi. Bayan an raba ɗan abin da ya bari, ba wanda ya nemi gwangwanin, sai na ɗauka. Na kai shi wani shago a Ruwais inda wani dattijo ke mayar da tsofaffin kaset da finafinai cikin kwamfuta. Da na koma karɓa ya tsayar da ni ya ce akwai wuri ɗaya kusa da ƙarshe, bai fi tsawon yatsa ba, da fim ɗin ya yi ja ya kumbura. Ya ce wannan ba tsufa ba ne, zafin fitila ne. Wani ya riƙa tsayar da majigi a daidai wurin nan, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ya ce ya gyara iya abin da zai gyaru. Na ce ma'alesh, ba komai, na karɓi kayana. Ko tambayarsa ban yi ba wane wuri ne. Abin da ya dame ni shi ne ya ciro mini hoton mai guɗar, ya faɗaɗa shi.

Na sa hoton a gilashi na kafa a falo. Shekara goma yana nan. Da aka tashe mu daga Sa'alaba za a rushe unguwar, muka koma Madain Fahd, shi na fara naɗewa cikin bargo, shi na fara kafawa a sabon gida. Duk baƙon da ya shigo sai na nuna masa: ga kakata, mai sunana, dubi yadda take son ɗanta. Har cewa nake muna kama ta wajen kumatu, mutane kuma saboda kara su ce ƙwarai kuwa. Da hoton nan na rufe bakin zuciyata. Nakan ce ko ban rubuta sauran sunayen ba, ai na tsare babbar.

Wadda ta tona ni wata tsohuwa ce da ba ta taɓa taka Sudan ba. Gwaggo Laraba muke ce mata. Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina ta zo Umra shekarun baya, ta zauna, tana soya ƙosai da safe a lungun bayan gidanmu. Farkon shekarar nan ta hawo kawo mini dambu, na ce ta zauna ta sha sanyi. Muna zaune babban ɗana ya wuce, na ƙwala masa kira, "Haruna! Kawo wa Gwaggo ruwa." Tsohuwar nan ta dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu. Ɗan farinki ne, kuma mai sunan ubanki, kike kiran sunansa gatsau haka? Ku 'ya'yan Jidda Allah ya shirye ku."

Na yi dariya na ce zamani ne, Gwaggo. Ga shi yau ma har a jaridar nan da kuke karantawa na rubuta sunan. Don in kawar da zancen sai na nuna mata hoton, na ba ta labarin fim ɗin. Ta ce tana so ta gani. Na sa mata a talabijin. Ta yi dariyar sauro har da hawaye. Da ya ƙare ta ce in maimaita. Karo na biyu ba ta yi dariya ba, ta matso gaban talabijin ta ƙura ido.

"Babanki ɗan fari ne?"

Na ce e.

"To, 'yar nan, sauke hoton nan. Wannan mai guɗar ba uwarsa ba ce."

Na ji raina ya ɓaci. Na ce Gwaggo, ke da ba ki san garin ba, ina kika san ta?

"Ba sai na san ta ba. Uwar ɗan fari, a wancan zamanin, ta fito bainar jama'a tana yi wa ɗanta guɗa? Ai da an yi shekara ana zancenta a bakin rijiya. Wannan gwaggonsa ce ko maƙwabciya. Mayar da shi baya. Tsaya. Ƙara kaɗan. Yawwa, ga ta can."

Ta ɗora yatsa a kan gilashin talabijin, can ƙarshen layi. Wata siririyar mace ce, matashiya, riƙe da ƙwarya a gefen ƙugu. Na fi sau ɗari ina kallon fim ɗin nan ban taɓa lura da ita ba, saboda ba ta yin komai. Lokacin da masunta da mahauta ke wucewa tana kallo tana murmushi kamar kowa. Da sauro ya zo ta rufe baki da hannu. Amma amalanken likita na kunno kai, sauran shida suka miƙa wuya suna tafi, ita kuwa sai ta ja mayafi ta juya fuska wajen katanga, kamar an kira ta daga cikin gida. Haka ta tsaya har amalanken ta gota ta. Sannan, daidai inda hoton ke fara rawa, ta ɗan karkato kai, ta bi bayan yaron da wutsiyar ido.

"Kin gani?" in ji Gwaggo Laraba. "Sai da ya ba ta baya ta sace kallo. Ni ma haka na yi wa nawa. Yana can gida da jikoki, har yau ban taɓa kiran sunansa ba."

Ba wai ban taɓa jin labarin alkunyar ɗan fari ba. Na ji, kamar yadda ake jin labarin mutanen da. Na san a da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da ranta na kansa. Amma a kunne na san shi. Da na zo neman kakata sai na neme ta da idon 'yar Jidda wadda ke rungume ɗanta a ƙofar makaranta: na duba wadda ta fi kowa ɗoki na ce ita ce uwa. Baba ya ce in duba da kyau. Shi ma kunyar ce ta hana shi ɗaga yatsa ya nuna mahaifiyarsa ya ce ga ta, kamar yadda ta hana shi kiran sunana. Jira yake in zauna, in nutsu, in gano ta da kaina, shi kuma ya gyaɗa kai. Abin da bai fi minti biyu ba.

Bayan tsohuwar ta sauka sai maganar mai shagon Ruwais ta faɗo mini. Na jawo gwangwanin daga saman kabad, na buɗe, warinsa mai tsami ya buge ni. Na tsaya a bakin taga ina warware fim ɗin a hankali ina ɗaga shi ga hasken rana. Masunta lafiya lau. Sauro lafiya lau. Mai guɗa ko ƙwarzane babu. Wurin da ya yi ja ya kumbura, guda ɗaya tak a duk nadin, shi ne inda siririyar matar ta karkato kai.

Sai na tuna. In an rufe shaguna da azahar, Baba yakan shige ɗan ɗakin bayan shago ya ce zai kishingiɗa. Sau da yawa in an aike ni kai masa abinci nakan ji fankar majigi na juyawa a ciki, babu kukan jaki, babu zuuu, babu komai. Nakan ajiye kula a bakin ƙofa in ce a raina tsohon nan da wasan yara yake. Ashe a nan yake tsayar da ita. A gaban jama'a ya sunkuyar da kai, in ya kaɗaita ya kalle ta har fitila ta ci fim. Da kallo ya ƙona hoton uwarsa. Na zauna a ƙasa da fim a hannu na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa.

Ba ni da takardar shaida. Garinsu yaƙi ya watsa mutanensa, waɗanda za a tambaya ma sun daɗe a ƙasa. Shaiduna biyu ne, tsohuwa mai ƙosai da tabon wuta, kuma sun ishe ni. Abin da ba zai gyaru ba shi ne sauran. Na ƙirga fuskokin da ake iya ganewa a fim ɗin sun haura sittin, Baba ya san kowanne, ni ina da shida. Mai shigar sauro, wanda ya sa gari guda dariya don a gina wa marasa lafiya ɗaki, ban san sunansa ba, alhali na ji shi ya fi sau ashirin. Ina jin da harafin "ba" sunan ya fara. Iyakar abin da na riƙe ke nan.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Shagonsa babu shi, layin ma babu, in na bi ta wurin sai in kasa nuna inda ƙofar take. Fim ɗin da yake toshe tagogi saboda shi yanzu yana cikin wayar kowane jikansa, suna tura wa abokai, wani ma ya ɗora masa kiɗa. Ina jin wannan zai ba shi dariya, zai ce a ƙarshe babban likitan Sudan ya yi suna. 'Yan matan da na ji kunyarsu kuwa, ɗaya daga cikinsu ta gani kwanaki ta aiko mini cewa wannan abin tarihi ne, in adana shi da kyau. Abin da na tabbata zai sosa masa rai shi ne jikokin suna kallon mutanen nan kamar yadda ake kallon baƙi. Suna jin Hausa, amsawa ce sai da Larabci. Ba laifinsu ba ne. Ni ce tsanin da ke tsakaninsu da shi, ni ce kuma na ce ban san su ba.

Na koma shagon Ruwais, na tarar dattijon ya tsufa ƙwarai, ɗansa ke aikin. Ya ciro mini hoton daga wurin da ya ƙone. Bai fito da kyau ba. Rabin kunci ne, da gefen ido, da mayafi, da wani jan tabo da ya ci kafaɗarta. Ya ce zai iya goge tabon a kwamfuta. Na ce ya bar shi, na Baba ne. Mai guɗar ma ban jefar da ita ba. Shekara goma tana amsa gaisuwar da ba tata ba, kuma ko wace ce ita, ta yi wa mahaifina guɗa ranar da uwarsa ba ta da halin yi. Na matsar da ita gefe, na kafa kakata a tsakiya.

In aka ce in auna abin da ya rage na Malam Haruna tela, ba shi da yawa a ido. Rigunan da ya ɗinka sun tsufa, majigin ta daina aiki, muryar da yake ba fim ɗin ta tafi da shi, kuma da hannuna na bar ta ta tafi. Amma ya bar mini sanin cewa akwai son da ba ya ɗaga murya, irin na uwarsa gare shi, irin nasa gare ta, irin nasa gare ni da ya ji na yi musun danginsa ya ci gaba da kukan jaki don kada in ji kunya a gaban baƙi. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da ita inda ba sai an saci kallo ba. Ni kuma Allah ya yafe mini.

Juma'ar da ta wuce babban ɗana ya tsaya gaban sabon hoton ya daɗe. Ya ce, "Mama, leish, me ya sa ba ta kallonsa? Ba ta sonsa ne?"

Na ce ya zauna in gaya masa, ya ɗauko mini littafin nan mai shuɗin bango da biro.

Ya duba wayarsa. "Bukra, Mama, abokaina na jira a ƙasa."

Na tashi na murɗa makullin ƙofa na sa a aljihu. Na ce su jira. Ya zauna yana kumbure-kumbure, na kunna fim ɗin, na yi masa kukan jaki iya yadda na iya, na karanta masa sunaye shidan da kakansa ya faɗa da bakinsa. Da amalanke ta iso gindin katanga na tsayar da hoton, na miƙa masa biron, na ce ya rubuta a layi na bakwai. Ya tambaye ni me zai rubuta. Na ce ya rubuta Sa'adatu.

Ya ɗago kai ya ce, "Ai sunanki ne."

Na ce nata ne, aro aka ba ni.